Hunturun da Inna ta ga fari a Silver Spring

Shekaranjiya masu hasashen yanayi suka ce dusar ƙanƙara na tafe, mutanen garin nan kuwa suka yi abin da suka saba, suka daka wa kantuna wawa. Na shiga sayen albasa na tarar da kantar burodi wayam, ta madara ma haka, kai ka ce daga yau an daina wayewar gari. Dusar da aka yi wa wannan shirin yaƙi, da ta zo ko tafin takalmi ba ta rufe ba. A bakin ƙofar kantin kuma an jera farantan busassun 'ya'yan itatuwa, dabino da ɓaure da zabibi, don bikin itatuwa na Yahudawa ya matso. Abu biyun nan, kanta wayam da farantin ɓaure, ba sa haɗuwa a idona ban tuna hunturun da Inna ta zo mini wanka ba.

A lokacin muna Silver Spring, a Amurka, cikin wani dogon bene na haya, ɗaki da falo. Mijina Isufu yana jan tasi, ni kuma ina kitso a shagon wata 'yar Senegal kafin ciki ya zaunar da ni. Shekarun nan ne da aiki ya yi wa kowa wuya a ƙasar, masu shiga tasi suka koma shiga bas, masu zuwa kitso suka koma ɗaura ɗankwali. Cikin fari ne, bayan na daɗe ina jira har dangi sun gaji da tambaya. A al'ada gida zan koma in haihu a gaban uwata. Da yake gidan ya yi nisa, sai aka ɗauko uwar aka kawo mini ita a jirgi.

Inna mutuniyar wani ƙauye ce arewa da Dakoro, manomiya, ba ta kai sittin ba a lokacin, amma rana da fartanya sun ƙara mata shekaru. Ni ce 'yar farinta, saboda haka tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ido cikin ido ba. In tana da magana da ni sai ta gaya wa ƙanwata, ko bango, ko akuya, ni kuma in tsinta. Wanda bai tashi cikin wannan kunya ba zai ce ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce, sai dai tana da wuyar sha'ani idan ku biyu ne kaɗai a ɗaki yini guda.

Farkon Disamba ta sauka. Daga filin jirgi zuwa gida ba ta kalli dogayen gine-gine ba, ba ta kalli tituna masu hawa kan juna ba, itatuwa take kallo. Dazuzzuka ne a gefen hanya, baƙaƙe, tsirara, babu ganye ko na magani.

"Mi ya samu iccen garin ga?" ta tambayi gilashin mota. "Wuta anka sa musu?"

Isufu ya ce, "Sanyi ne, Inna. Haka suke yi kowace shekara. In zahi ya dawo sai su toho."

"Duka?"

"Duka."

Ta ce to, irin to ɗin da ake yi wa yaro idan ya ce ya ga zaki a bayan gida.

Ba a jima ba na sauka lafiya, mace, muka sa mata Nana. Inna ta kama aiki. Kafin a kira asuba tana gaban murhu. Ruwan zafin famfo bai yi mata ba, ta ce ruwan da bai ga wuta da idonsa ba ba ya gasa jiki, don haka manyan tukwane take ɗorawa su tafasa, ta yi ta jigilarsu zuwa bahon wanka. Busasshen ganyen darbejiya ta ƙunso daga gida a ƙasan jaka, yadda ya tsallake ma'aikatan filin jirgi Allah kaɗai ya sani. Ta tsoma shi a ruwan ta fyaɗa mini a baya, ina ihu, tana gaya wa bango cewa ragwanta ta yi wa 'yan zamani yawa. Bayan wanka kunun kanwa da zafinsa, da rana gasasshen nama da yaji, da yamma a sake wanka. Tagogi suka yi ta zufa, fentin bayi ya fara ɓarewa. Yanzu masu jego a nan ta waya suke odar darbejiya da garin kunu, a kawo musu har ƙofa. A lokacin abin da uwarka ta iya ɓoyewa a jaka shi ke gare ki.

Hayaƙin gashin naman ne ya haɗa mu da maƙwabciyarmu. Na'urar nan ta jikin rufi mai ihu idan ta ji hayaƙi ta kama ihu, sai ga ƙwanƙwasa a ƙofa. Wata gajeriyar tsohuwa ce, Miriyam, Bayahudiya, malamar makaranta da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watsu wasu jihohi. Ta shigo a firgice ta tarar da Inna tana korar hayaƙi da faifai tana yi wa na'urar tsawa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta hau kujera ta kashe abin. Washegari ta kawo mini miyar kaza, ta ce kada mu ji komai, su ma ba sa cin alade. Inna ta juya miyar da cokali ta bincike ta ƙasa da sama, ta ce ba laifi, sai dai ba a san barkono ba a gidansu. Ta raɗa mata suna Maryama. Daga nan in sun haɗu a baranda sai su tsaya doguwar gaisuwa, kowace da harshenta, kuma ban taɓa ganin sun rabu ba su gamsu ba.

Ana gobe za a yi babbar dusa ta farko, Isufu ya ce bari ya fita da Inna kanti ta sha iska, ta ga arzikin Amurka. Garin neman gira aka rasa ido. Abin da ta gani shi ne layi har bango, kantoci wayam, da mata biyu suna jan jarkar madara ta ƙarshe. Ta dawo ta cire takalmi ta hau tabarmarta.

Dusar ta zubo yini da kwana. Da safe tasin Isufu ta zama tudu cikin tuddai, sai da ya tona mota biyu na mutane kafin ya dace da tasa. Garin ya yi tsit, ba kukan tsuntsu, ba ƙarar bas, sai kankarar shebur a kan kwalta. Sanyin irin wanda ke shiga ta haƙori ne. Ko da aka share tituna, fasinja ba su fito ba. Shagon 'yan Afirka inda muke sayen gero ya ce motar kaya ba ta iso ba. Garin geron da Inna ta zo da shi ya kama hanyar ƙarewa, muka koma garin masara da shinkafa, nama ya tashi daga kullum ya koma jefi-jefi. Ba yunwa muke ba, ina so a fahimci wannan. Tsimi muke, kamar kowa a benen. Amma ni da Isufu mukan yi ƙus-ƙus a kicin, Inna kuwa ba kurma ba ce.

Wata safiya ta tsaya a taga da Nana a kafaɗa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa labule, "Wanga hwari ne."

Na ji sarai wanda take nufi, farin da ruwan sama ke ɗaukewa ƙasa ta mutu. Amma na mayar da shi wasa, na ce, "Hwari tas kuwa, Inna, awa an shanya gari." Ba ta yi dariya ba. Na ce ai ruwa ne wannan, daskarewa ya yi. Ta ce ruwan da ba ya shiga ƙasa ina amfaninsa. Na ce kuka ma tana kaɗe ganye da rani. Ta ce kuka na kaɗewa gawo na tohuwa, aduwa na nan, tsamiya na nan, Allah ba ya tuɓe daji gaba ɗaya sai da magana. Na nuna mata itatuwan nan masu ganye kamar allura, da suke kore cikin sanyi. Ta ce a kowane fari akwai icce guda da ke zama kore, kuma ba alamar alheri ba ne. Isufu ya buɗe mata firij ya nuna mata abin da ke ciki. Ta leƙa ta ce, "Wanga ne rumbun naku? Rumbun da ake sa wa wuta? In wutar ta tahi hwa?" Bayan kwana kaɗan aka ɗauke wutar rabin yini, kamar an haɗa baki da ita.

Daga nan ta fara azumi. Da farko Litinin da Alhamis, ban ce komai ba. Sai ta ce akwai ramuwa a kanta. Ramuwar ta ƙi ƙarewa, har aka kai azumin ba shi da suna, kawai gari ya waye Inna ba ta ci. Da magariba ruwan ɗumi da rabin dabino, sai 'yar loma biyu da za ta kai baki don a ga ta kai. Sahur babu. Aikin kuwa ba ta rage komai ba, tukwanen nan tana ɗaukarsu safe da yamma, kwanona kullum a cike, in na rage ta tsaya a kaina sai na share. Na iske gutsattsarin burodi da ƙanzon shinkafa tana shanya su a kan ƙarfen ɗumama ɗaki, in sun bushe ta ƙulle a tsumma ta sa a jaka. Zaninta da ke zagaye ta sau ɗaya ya koma neman zagaye na biyu. Wata safiya na ji shiru ya yi yawa a bayi, na leƙa na same ta zaune a ƙasa ta jingina da baho, tukunya a gefenta tana tururi. Ta ce hutawa take.

Muka kai ta asibiti. Likitar ta duba ta ce babu cuta, jini ne ya yi ƙasa, jiki ya bushe, a ba ta abinci, in ba haka ba gado za su ba ta. Ta faɗi haka tana kallonmu kamar mu muke hana ta. Na fassara wa Inna. Ta yi wa likita godiya da albarka, washegari ta tashi da azumi.

Tsoro na ji, kuma haushi na ji. Ni mace ce mai baki, wadda ta kawo mini raini a shagon kitso ta san haka, amma bakin nan bai taɓa yin aiki a gaban Inna ba. Abin da ke hana ni barci shi ne in ɗauko uwata lafiya lau daga gonarta, in zo in binne ta a ƙasar da sai an sa inji ake haƙa kabari.

Ƙarshen Janairu na yi arba'in. A makon ne Miriyam ta ƙwanƙwasa ta ce ranar Asabar da rana tana gayyatarmu, suna da wani ɗan biki da suke kira Tu Bishvat, sabuwar shekarar itatuwa. Na gaya wa Inna. Ta fara tambaya ko bauta musu ake. Miriyam ta ce a'a, Wanda ya yi su ake gode wa. Inna ta dubi taga ta ce wa ƙofa, "Ikon Allah. Bikin suna za su yi wa gawa." Wannan ban fassara ba. Amma ta ce za ta je, maƙwabci yana da hakki, balle wadda ta kawo miya ran jego.

Ranar ta zo da wata dusar, siririya, mai sauka a hankali. Baƙin da Miriyam ta gayyata duk suka bugo waya suka ce hanya ba ta biyuwa, Isufu kuma ya fita neman fasinja, saboda haka mu uku ne a teburin, da Nana a cinyata. Farin ƙyalle ne a shimfiɗe, farantai uku na 'ya'yan itatuwa, da kwalabe biyu na ruwan inabi, fari da ja. Inna ta sa na karanta jikin kwalaben na rantse mata ba giya ba ce. Na ce wa Miriyam Inna na azumi. Ta ce ba komai, amma duk abin da ta zuba mana sai ta zuba mata nata a gabanta.

Ta fara da farin ruwan, ta ce shi ne hunturu. A zahiri, in ji ta, ranar lissafin manoma ce kawai, ranar da ake ƙara wa itace shekara don a san wanda ya isa a ci 'ya'yansa da abin da za a fitar na zakka. Sai wasu sufayensu, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suka ce kowane zahiri yana da baɗini. Suka ce a wannan rana, tsakiyar wata a lissafinsu, tsakiyar sanyi, ruwa ke fara motsi a saiwar itace yana hawa, alhali a waje ba abin da ya canja.

"Wa ya gani?" in ji Inna.

Miriyam ta ce, "Ba wanda ya gani. In fure ya fito ai kowa ya sani, ba sai an tara mutane an gaya musu ba."

Ta ci gaba, ni kuma ina ta fama da fassara, don Turancin kitso da na asibiti na iya, ba na sufaye ba. Ta ce a wurinsu halitta kanta itace ce da saiwarta ke sama, rassanta a ƙasa, albarka na gangarowa ta cikinta kamar ruwan nan. Kowane ɗan itace akwai tartsatsin haske a ɓoye cikinsa. Wanda ya ci da godiya ya saki hasken ya koma inda ya fito, wanda ya ci da wawura ya bar shi a kulle. Tunda kuskuren farko na ɗan Adam ci ne daga itace, to gyaransa ma ci ne daga itace, amma da natsuwa.

Inna ta gyaɗa kai. "Wannan kam mun san shi, Annabi Adamu ne. Ashe bisimilla ce sunka ja ta yi tsawo."

Farantin farko na masu ɓawo ne, lemo da rumman da wata gyaɗar itace mai taurin gaske. Miriyam ta ce a wurinsu kowane faranti duniya guda yake nufi, wannan ita ce duniyar da muke ciki, inda abin kirki sai da sulke yake rayuwa, kuma sai an fasa ake kai gare shi. Inna ta ce kuka ke nan, da ɗorawa. Aka ɗiga ja kaɗan a farin ruwan. Faranti na biyu dabino da zaitun, taushi a waje, ƙwallo a ciki, duniyar da ta fi tamu kusa da haske amma da sauran tauri a zuci. Inna ta ce magarya, ɗinya, goruba, da yawancin mutanen da ta sani. Aka ƙara ja. Na uku ɓaure da inabi, waɗanda ake ci gaba ɗaya ba a yar da komai. Inna ta ce ɓaure kam a dai buɗe a duba, ƙwari gare shi. Miriyam ta yi dariya ta ce sufayen ba su ambaci ƙwari ba. Rabon da in ga Inna ta sake haka tun ranar suna. Ta matso da kujera, tana ƙirga itatuwan dajinmu da yatsu, tana jefa kowanne a farantinsa. Abin da ke gabanta kuwa ko taɓawa ba ta yi ba.

Sai ta tsaya. "Tambaye ta, ina anza za ta zamna?"

Ban san sunan anza da Turanci ba, har yau ban sani ba. Na bayyana wa Miriyam cewa wani ɗan guntun itace ne na dajinmu, 'ya'yansa ƙanana, ƙwayar cikinsu ake ci, muna kiranta dilo. Ba ta da wani ɓawon kirki, a ido kamar a jefa a baki, amma ɗanyarta ɗaci ne mai kisa. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwa ana sakewa. Miriyam ta bi farantanta da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ba ta sani ba, ba ta ga inda za ta shiga ba.

"Ɓawonta ɗaci ne," in ji Inna. "Ba a ganin shi, ba a hwasa shi da dutse. Ruwa kaɗai, da haƙuri."

Miriyam ta tambaya yaushe ake cin irin wannan abu.

Inna ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskanci Miriyam, ta ba ni kafaɗa. Ta ce, "Hwaɗa mata." Sannan ta fara, jimla-jimla, tana tsayawa in mayar.

"Shekarar da ruwa ya ƙi, ina gidanmu wanka, haihuwar hwari. Hatsi ya ƙare tun rani bai raba ba. Shanu sunka mutu tsaye. Icce duk ya tuɓe, har gawo, makiyaya sun sassabe shi. Anza kaɗai ke kore. Maza sunka tahi kudu neman abin kai wa baki. Uwata ita ke shiga daji ta ɗebo, ta jiƙa, ta zubar, ta sake jiƙawa, ga ruwan ma sai an yi tahiya. In ya dahu ta turo mini ƙwarya, ta ce ta ci nata wurin murhu. Daga baya ta ce azumi take. Ni kuwa yarinya, ga yunwar jego, na yarda, don ina son in yarda. Nono bai ƙahe ba. Jaririyar ta rayu. Ruwan shuka cikin ƙasa ya iske uwata."

Na fassara duka. Na ce "jaririyar" da Turanci kamar wata ce can a wani gari. Miriyam ta dube ni, ta dubi Nana, ba ta buƙaci a yi mata bayani ba. Tun ina ƙarama abin da aka gaya mini shi ne zazzaɓi ya kashe kakata shekarar da aka haife ni.

"Haka ake yi," in ji Inna, har yanzu Miriyam take kallo. "In hwari ya zo, tsohuwa ke ja da baya. Ba abin kuka ba ne, tsari ne."

Wannan jimlar kam ban mayar da ita Turanci ba. Miriyam ba ta nema ba. Ba ta kuma yi mana ta'aziyya ba, abin da na gode mata a kai. Ta zuba jan ruwan zalla, ta ce akwai duniya ta huɗu, amma ba ta da faranti, don ba ta da ɓawo, ba ƙwallo, ba ma jikin da za a tauna. Ta miƙo ɗan kofi da kirfa da kanumfari a ciki, ta ce wannan shaƙa kawai ake. Inna ta tambayi kanta ko ƙamshi na karya azumi, ta ba kanta amsa cewa ba ya karyawa, ta karɓa ta daɗe da shi a hanci.

Da muka fito ba ta nufi ƙofarmu ba, ta nufi matakala. Na ruga na ɗauko mata tsohuwar rigar sanyin Isufu, na goya Nana na lulluɓe ta, na bi ta. Da safa da silifa ta taka dusar. Akwai jerin itatuwa a bakin benen, nauyin dusa ya sunkuyo da rassansu. Ta kamo wani siririn reshe ta kankare bayansa da farcen babban yatsa, yadda take yi wa itace a gona in tana shakkarsa. Ƙarƙashin baƙin kore ne shar, da damshi. Ta murza a yatsu ta shinshina. Ba ta yarda da shaidar itace ɗaya ba, ta bi jerin tana kankarewa har ƙarshen katanga, ni ina binta haƙorana na kaɗawa.

"Maryama ba ta yi ƙarya ba," ta ce. "Shina da rai."

Wani sanyi ya sauka a zuciyata wanda ba na dusa ba. Na ce, "To kin gani, Inna."

"Na gani. Amma rai ba hatsi ba ne." Ta juya ta kama hanyar ciki.

Da magariba ta sha ruwan ɗumi, ta raba dabino biyu ta mayar da rabi cikin leda. Ta yi salla, ta tuƙa tuwon masara da miyar kuka, ta cika kwano ta ajiye a gabana, ta koma kan tabarmarta da carbi. Na ɗauki kwanon na kai shi bakin tabarmar na dire tsakaninmu, na kawo ruwan wanke hannu, na zauna na naɗe hannuwana.

Ta ja carbi ya zagayo, ya sake zagayowa. Tuwo ya daina tururi, miya ta fara yin fata a sama. Cikina yana kuka ana ji, don yunwar mai shayarwa ba ta da sirri.

"Abinci na hucewa," ta ce wa tabarma.

Na ce, "Shi huce. Daga yau loma ɗaya taki, loma ɗaya tawa. In babu ta hwarko, babu ta biyu."

"Kina da hankali kuwa? Nono za ya ƙahe."

"Shi ƙahe. Akwai madarar gwangwani a kanti."

Ta ɗago a fusace, don a wurinta madarar gwangwani abincin marayu ce. Ban sauke ido ba. Na ce, "Tsohuwa ɗaya ta tahi saboda cikina, ba a tambaye ni ba. Wancan karon ba ni da baki, Inna. Yanzu ina da shi."

Ana jin motar share dusa tana wucewa a ƙasa, Nana ta yi motsi a kan kujera ta koma barci.

"Marar kunya," ta ce a hankali.

Ta ajiye carbin, ta wanke hannu. Ta sa yatsa ta ja layi a kan tuwon, ɗan ƙarami ta wajenta, babban ta wajena. Na kama bakin kwanon na juya shi. Ta ga abin da na yi. Ta daɗe tana kallon babban rabon da ya koma gabanta, sannan ta yi bisimilla ta gutsura.

Na jira sai da na ga ta haɗiye, sannan na sa hannu.